Gyaran Muƙamuƙina Ba Kwalliya Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tallafa wa Marasa Lafiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina yi maka ban-gajiya da ɗawainiyar jama'a. Sunana Malam Iro Buba, manomi a Madadi, kuma limamin masallacin unguwarmu kafin wannan lalura. Na rubuto a fili ne domin wasiƙuna biyu sun shiga ofishinka, ko ɗaya ba ta samu amsa ba.

Na farko. Damina biyu da suka wuce, ina ɗaura wa shanun huɗa karkiya, sa ɗaya ya ɗago kai ya doke ni a fuska. Muƙamuƙina na sama ya karye ya shige ciki. Maɗori ya ce hannunsa ba ya kaiwa wurin, ƙashin kuwa ya haɗe a karkace. Yau haƙorana na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa. Tuwo ma sai an dama mini shi kamar na jariri.

Na biyu. Likitan da ya duba ni a Kano ya yi mini bayani dalla-dalla. A da sai an yi yanka mai faɗi, a ɗaure baki da waya na makonni. Yanzu akwai hanya mai sauƙi: ɗan yanka ta cikin baki, ƙarƙashin leɓen sama, a saki ƙashin a janyo shi mazauninsa, a riƙe shi da ƙananan ƙarafa. Jini kaɗan, kumburi kaɗan. Ya rubuta takarda, ya ce sa hannunku kawai ake jira.

Na uku. Takardar ta dawo da jan biro, an rubuta wai kwalliya ce. Sakatarenku ya ƙara mini da wa'azi, wai ana tsuke bakin aljihu, kuma a jihar da ke bin Shari'a ba a taimaka wa mai son canza halittar Allah. Ranka ya daɗe, raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da gemuna ya yi furfura, wa zan yi wa kwalliya a Madadi? Sa ne ya canza halittar, ni wadda Allah ya yi mini nake roƙo a mayar.

Yunwa zan iya jurewa. Abin da ke cin raina shi ne karatu. Haruffa ba sa fita daga maharajinsu, iska ce ke zurarewa. Na ci gaba da jan sallah ina zaton ba a lura ba, sai na ji cewa dattawan sahun gaba suna komawa gida su sake sallarsu a ɓoye, don kada su kunyata ni. Ranar na yi kuka. Tun daga nan na koma sahun baya.

Roƙona biyu ne. A tambayi malamin da kuka yarda da shi hukuncin gyara abin da ya karye. Sannan a kira ni gaban kwamiti in karanta Fatiha. In akwai ɗaya cikinku da zai yarda ya bi ni sallah da wannan bakin, na janye kukana.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora, ya bar maka harshenka a miƙe har kalmar ƙarshe.

Wassalam.

Malam Iro Buba, Madadi, Gwarzo