Jakar Kwana Mai Kama da Likkafani

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda ke jujjuya zafi da sanyi bisa hikimarsa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga 'yata Mansuratu, a Zariya. Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Kamil da yara. Ni ma alhamdu lillahi, sai dai tarin nan da kika sani yana taso mini idan iska ta kaɗa. Aikin duba tsofaffin rubuce-rubucen yana tafiya, amma in na koma masaukina a unguwar Bin Mahmud ta nan Doha babu mai amsa mini sallama.

Dalilin wasiƙar shi ne, Abdulbaqi, wani ɗalibi ɗan Katsina, ya gayyace ni in bi shi da abokansa sahara su kafa tanti su kwana, kamar yadda mutanen ƙasar nan suke yi da hunturu. Tun zuwana, wannan ce gayyata ta farko da aka yi mini. Ya ce sharaɗinsa ɗaya: in nemi jakar kwana mai ɗumi saboda ƙirjina, in ba haka ba ba zai ɗauke ni ba. Jakar nan bargo ce da aka ɗinke kamar buhu, mai zif.

Na je kanti a unguwar Gharrafa, na ga kowace jaka da lambarta. Na ɗauki mai ashirin, a zatona babbar lamba ita ce babban ɗumi. Mai kantin ya yi murmushi, ya ce lambar tana nuna iyakar sanyin da jakar ke iya jurewa ne, don haka ƙarama ta fi ɗumi. Ya miƙo mini mai sifili, matsattsiya, mai hula da ke rufe komai sai fuska. Na daɗe ina kallonta, Mansuratu. Ni da na sha suturta mamata a unguwarmu, na san wannan siffa. Duk da haka na saya.

Bayan la'asar na shimfiɗa ta a ɗaki don gwaji. Na shiga, na kwanta bisa dama, ɗumi ya ratsa ni. Da na zo fita sai zif ya maƙale a wuyana. Kafin in farga na kira sunan marigayiya mahaifiyarki, Zuleiha. Ɗakin ya yi shiru. Na yi ta fama har na kuɓuta, na zauna ina istigfari.

Da farko na yi niyyar mayar da ita in haƙura da tafiyar. Amma na yanke shawara zan je, domin a can, ko zif ya maƙale, akwai wanda zan kira ya amsa.

Roƙona, idan kin sami mai tahowa, ki aiko mini da tsohon gwadon mahaifiyarki, in riƙa shimfiɗawa a ciki.

Ki gaishe da gwaggonki Mero, da Siddiq da ƙaramar Firdaus. Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri, kada ya bar ɗayanku ya yi kira babu mai amsawa. Amin.

Mahaifinki,
Ɗalhatu Isiyaku
Doha