Gwiwar Dama

Al Buteen, Dubai
3 ga Disamba

Yaya Sabo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, da Anti Ummi Kulsum da yara.

Kakar wasan ɗanka ta ƙare ranar Asabar. Na san har yau ba ka yarda ƙwallon Amurka ƙwallo ce ba, ka ce kokawa ce da hular kwano. Aikinsa dai shi ne a miƙa masa ƙwallo ya ruga da ita ta tsakiyar ƙattai. Wasa goma sha biyu jami'arsu ta buga, duk na bi su a waya lokacin hutun azahar, a ofishinmu na kargo, masu aika kaya, da ke Al Sabkha. Souleymane, abokin aikina ɗan Maraɗi, ya leƙa sau ɗaya ya tambaya wa ya faɗi aka taru a kansa. Tun daga nan ni kaɗai nake kallo.

Masu sharhi sai yabo suke: tsawon yadi ɗari tara ya ruga da ƙwallo a shekararsa ta farko. Ni abin da na gani, tun wasa na bakwai bai sake kaucewa hagu ba, kuma mai kaucewa hagu da ƙafar dama yake dogara. Gwiwar nan ba lafiya, Yaya. Ɓoyewa yake don kada a zaunar da shi, tallafin karatu ya suɓuce. Na tambaye shi, ya turo mini hoton babban yatsa. Abin da digirina na lissafi ya tsinana mini ke nan, gano ɗingishi daga wata nahiya.

Kai ka raine shi, kai yake ji. Ka yi masa magana kafin ya nakasa kansa.

Ƙanwarka,
Sauda

Kano
9 ga Disamba

Sauda,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, suna amsawa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, Kamal ya gaya mini tun Oktoba, ya roƙe ni kada ki ji. Da na tambayi dalili, ya ce Anti, wato ke, ba ruwanta da irin wannan, ko sunansa bai taɓa ji a bakinki ba. Na ce masa kunyar ɗan fari ce, haka Inna ta yi mini har ta koma ga Allah. Ya ce to. Kin san irin "to" ɗinsa, a wurinki ya gada.

Na ce ya je asibiti, ya ce sai an gama kaka. An gama, bai je ba. Ni na yi iyakar yina. Ke kika haife shi, ki rubuta masa da kanki.

Allah ya sa mu ji alheri.

Yayanki,
Sabo

Al Buteen, Dubai
12 ga Disamba

Kamal,

Ga shi na rubuta, kuma rufin ɗakina bai faɗo ba. Ina fatan kana lafiya, ban da inda muka sani.

Ga abin da 'yar kallo ta gani. Wasa shida na farko ba ni da ta cewa, sai dai kana riƙe ƙwallo nesa da jiki kamar wanda aka aika da miya mai zafi. Na uku, wanda ka tsallake mutum biyu, na maimaita shi har shinkafata ta huce. Daga na bakwai kuwa, da rabin ɗan wasa jami'arku ta yi aiki. Idan ni na gani a gilashin waya, kocin da ya tsaya kusa da kai bai makance ba, ya dai ga kana kawo yadi.

Ban iya irin maganar da kake so ba, ba a koya mana ba. Amma babu ƙwallon da aka miƙa maka bana da ban gani ba.

Ka je wurin likita. Idan tallafin ya tafi, ya tafi.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka

19 ga Disamba

Anti,

Na gaishe ki. Likita ya duba jiya, ya ce jijiya ce, za a yi aiki takwas ga Janairu. Koci ya ce ba zai yi mini alkawarin baɗi ba.

A takardar asibiti akwai gurbin wanda za a kira. Ki turo mini lambar ofis ma, ko da ba a same ki a waya ba. Kawu bai sani ba tukuna.

Na bar ki lafiya.

Kamal