Lambar da Na Hana Ka Ɗaurawa

Zuwa ga kakana Malam Idi, wanda duk Gaya ta sani da Matalo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'imarSa, jikarka Ramatu ce ke rubuto maka daga Lyon. Na san ba a kai wa mamaci wasiƙa. Amma a gaban jama'a na yi maka laifi, don haka a gaban jama'a zan faɗe shi, duk wanda ya karanta ya zama shaida.

Ka tuna safiyar Juma'a a ƙofar ɗakinka? Sai ka ciro lambar yabon nan daga gwangwanin madara, ka ƙwala mini kira: "Amarya, zo ki goge wa mijinki ƙarfensa!" In zo da toka da ɓarin lemun tsami ina tura baki, ina cewa ni na fasa auren tsoho marar haƙora. Kai kuma ka ce dama kai ma ka gaji da mace mai majina. Haka muke yi har lambar ta ɗau ƙyalli, ka maƙala ta a babbar riga, ka ɗingisa zuwa masallaci.

Kai ba soja ba ne, ba ka taɓa riƙe bindiga ba. Ɗan masunta ne kai, wanda ya iya ruwa tun kafin ya iya sallah. Neman abinci ya kai ka Dakar, ka samu aiki a jirgin ruwan 'yan kasuwa, kana jan igiya da wanke daɓe, inda ka samo laƙabin Matalo, wato ma'aikacin jirgin ruwa. Da Faransa ta shiga yaƙi da mutanen Indoshin, can gabas mai nisa, masu neman 'yancinsu, sai aka ɗauke ku jigilar shinkafa da sojoji cikin kogunan ƙasar. Wata rana aka buɗe muku wuta daga gaɓa, jirgin ya kife. Ka yi ta nutso kana fito da mutane, da harsashi a cinyarka. A kan wannan suka ba ka lambar.

In an matsa maka da tambaya, abu ɗaya kake faɗi: "Hannu nake gani a saman ruwa, in kama. Ban tsaya tambayar na wane ne ba."

Sai na je jami'a a Yamai, na karanta abin da Nasara ya yi mana da abin da ya yi wa wasu. Na dawo hutu kaina ya cika fam, ina ganin duk gidanmu ni kaɗai ce idona ya buɗe. Na tarar ana sunan ɗan Kawu Sani, tsakar gida ba masaka tsinke, ga ka zaune a kan buzu da lambarka a ƙirji.

Kaka, bari in maimaita abin da na ce. Na ɗaga murya na ce: "Angona, yau ma ka rataya ƙararrawar da Nasara ya ɗaura wa karensa?"

Mata suka kwashe da dariya, har da masu guɗa, don kowa ya ɗauka wasan jika da kaka ne. Wallahi ba wasa nake yi ba, kuma da gangan na zaɓi wannan hanya. Na san da ɗanka ne ya faɗa, da ka tsine masa. Da baƙo ne, da an fitar da shi daga gidan. Amma jika ta faɗa cikin wasa, in ka yi fushi kai za a yi wa dariya. Na ɗaure ka da al'adar da ka rene ni a cikinta, sannan na buge ka.

Kai ma ka yi dariya. Sai dai ba ka rama ba, kuma tun da nake ban taɓa tsokanarka ka bar ni na sha ba. Ka ɗora tafin hannu a ƙirji ka rufe lambar, har aka watse ba ka ɗauke ba. Daga ranar ba ka sake ɗaura ta ba, ba ka sake kirana in goge ba. Na gani sarai, na yi kamar ban gani ba. Shekara na zagayowa ka rasu ina can ina jarrabawa.

Ranar da zan taho Faransa, Inna, 'yarka, ta miƙo mini gwangwanin. Ko buɗewa ban yi ba, na cusa shi cikin akwati tsakanin yaji da kuka.

To, ga jarumar 'yanci a ƙasar Nasara. Na yi karatu a Saint-Denis, na samu aiki a Lyon, na sha bin layin sabunta takardun zama har na gaji. Bara na nemi takardar zama 'yar ƙasa. Wata abokiyar aikina ta ce in sa a dosiye, wato fayil ɗin takarduna, duk abin da ya haɗa danginmu da Faransa. Kaka, ko minti ɗaya ban yi ina tunani ba. Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na je inda ake adana tsofaffin takardu, na sa aka nemo mini taka.

Na karanta ta a tsaye. Ta yaba maka, ta kuma ce sojojin da ka tsamo sun koma fagen daga. Ke nan abin da na karanta a jami'a ba ƙarya ba ne, yaƙin zalunci ne, kuma ba zan canza magana a kai ba. Amma kai mutum ka gani yana shan ruwa. Ni da na zage ka, wa na taɓa tsamowa?

Ranar ganawa da hukuma kan takardar zama 'yar ƙasa na buɗe gwangwanin karon farko. Lambar ta yi baƙi ƙirin. Babu toka a Lyon, da man goge haƙori na goge ta. Da matar da ke biro, wato ofishinsu, ta tambaye ni abin da ya ɗaure ni da ƙasar nan, sai na ajiye mata lambarka a kan tebur. Ta miƙe tsaye ta ba ni hannu. Ni kuma na washe baki, na ce kakana ne, cikin Faransanci mai daɗi. Tir da ni! Ƙararrawar da na ce ta kare ce, ni na kaɗa ta da hannuna don a buɗe mini ƙofa.

Ban sani ba ko ita ta sa, amma makon jiya amsa ta zo, an ba ni. Na kasa murna. Na kira Inna, ko gaisuwa ban gama ba na fashe da kuka, na faɗa mata komai, har da cewa maganar ranar suna ba wasa ba ce. Ta ce ai ta sani, kai ma ka sani. Sannan ta gaya mini abin da ka ce kwana biyu kafin ka cika, wanda da na tambaya tun ranar da ta ba ni gwangwanin da na ji: "Ku ajiye wa Amaryata. Da wannan kai nata sai ta je ƙasarsu. In suka tare ta, ta nuna musu."

Ashe ni ma hannuna ka hango a saman ruwa, Kaka. Ka kama, ba ka tsaya tuna abin da bakina ya faɗa ba.

Ka yafe mini, angona. Gwangwanin yana kan tagata yanzu, kuma duk Juma'a zan sayo lemun tsami.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya tsamo ka ranar da kowa ke neman mai kama hannunsa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka mutu a kogin nan, na cikin jirgi da na kan gaɓa. Ni kuma Ya haɗa ni da kai, ko sau ɗaya, ka rama.

Taka har abada,
Ramatu, amaryarka da ba ta iya wasa ba.