Jiniyar Baba Ta Haye Kogi

Zuwa ga yayana Ilarie,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Anuța da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin aiki a gonakin lemun Sifen, ya tsare maka wannan bayan naka. Mu nan sai godiya. Baba yana cin tuwon masararsa da cuku, ƙafa ce dai ta ƙi, daga gado sai kujerar bakin taga. Na yanka kabeji na zuba a ganga, alade kuma ya yi ƙiba har ba ya son tashi, kamar surukinka Tudose, mijin nan nawa.

Yaya, ba labarin alade ya sa na ɗauki biro ba. Maganar Hornul ce, ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa, da jiniyar Baba. Ka fi ni sanin yadda ma'aikatan masana'antar jan bulo suka kafa ta, suka cike fadama da fasassun bulo har ta zama fili, suka sa wa ƙungiyar sunan dogon bututun hayaƙin nan, wato Hornul a yarenmu. Ka tuna shekarar da muka hau rukuni na biyu, Mama ta yi rawa a titi da tukunya a hannu. Da aka rufe masana'anta aka sayar da ƙarafanta, Baba ne ya turo jiniyar tashi daga aiki a baro ya girke ta a bakin fili. Tun daga lokacin, duk ƙwallon da muka ci, ɗan gidanmu ne ke murza ta da hannu: shi, sai kai, da ka tafi kuma ta dawo kaina. Yau muna rukuni na huɗu, 'yan kallo ba sa cika benci biyu, amma kowa a gundumar nan ya san inda jiniya ta yi kuka nan Hornul take.

To a bazara wani mutum ya ɓullo mana, Malam Pârvu, mai gidajen mai a garin tsallaken kogi. Ya kawo riguna sababbi, ya sa aka aske ciyawa, ya sayi giya ya cika tsofaffi. Tudose sai washe baki yake, yana cewa Allah ya aiko mana uba. Na ce masa uban da bai taɓa tambayar sunan mai tsaron ragarmu ba? Don ni na lura, ana wasa shi ba ƙwallo yake kallo ba, jiniya yake kallo. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Na kuma ji a kasuwa yana neman kujerar magajin garinsu, garin da ke da sabon fili amma ba ƙungiya. Tudose ya ce ni ko mala'ika ya kawo mini burodi sai na duba ƙasansa. Na ce ƙwarai kuwa, shi ya sa ban taɓa cin ruɓaɓɓe ba.

Makon jiya ya zo gida da kwalin alewa, ya sumbaci hannuna, yana ta uwargida kaza uwargida kaza. Wai jiniya ta yi tsatsa, zai kai ta birni a wanke a shafa mata fenti. Na ce tsatsarta ba ta hana ta kuka, kuma ba ta taɓa kwana a wajen garin nan ba. Sai ya yi murmushi ya ce ai ya riga ya yi waya da babban ɗan gida, Ilarie ya ce a ɗauka. Har ya faɗi sunan ƙauyen da kake da sunan ƙaramar 'yarka. Yaya, a ina ya samu lambarka? Na kira ka ya fi a ƙirga, ba ka ɗauka ba, kai da ko atishawa Baba ya yi sai ka bugo. Ina so in ce ƙarya yake yi, amma ruwa ba ya tsami banza. Tsofaffin kwamiti suka ce tunda magajin gida ya yarda, mace ba ta da ta cewa. Ina tsaye suka ɗora ta a mota, Tudose har da kama musu. Ban gaya wa Baba ba.

Ranar Lahadi aka ce an ɗage wasanmu, wai fili ya jiƙe, alhali ko yayyafi ba a yi ba. 'Yan wasanmu kuma ba ko ɗaya a gari. Da la'asar ina gyara wa Baba matashi, iska ta taso daga kogi, sai muka ji ta. Can nesa, amma ita ce, da wannan shaƙewar da take yi kafin ta buɗe murya. Baba ya miƙe zaune, ya ce in miƙo masa hularsa, mun ci. Sannan ya dube ni, ya dubi hannuwana, ya ce to in ina nan, wa ke murzawa? Kafin in buɗe baki fuskarsa ta haskaka, ya ce Ilarie ne ya dawo, wannan hannun Ilarie ne, ɗansa ba zai bar ta ga bare ba. Ya ce in ƙara kwano ɗaya a tebur.

Na ƙara, Yaya. Kullum sai ya sa na ajiye shi, yana kallon ƙofa. In ba ka ce a ɗauka ba, rubuto mini, ni da kaina zan haye gadar nan da baro. In kuwa ka ce, to kira shi ka gaya masa da bakinka, ni ba zan iya ba.

Ka gaishe mini da Anuța, da Sorin, da ƙaramarmu Ilinca. Inna Paraschiva tana gaishe ka, ta ce ta ajiye maka zuma. Tudose ma ya ce a gaishe ka, ko da yake ba ma magana.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Saveta