Turawana na gadin dawa a Giwa Tazo

Gaisuwa ga jama'ar Jega da Aliero da Maiyama baki ɗai, manya da yara har da awaki, daga Sa'idu direba, sarkin jigilar albasa. To kowa shi kauce, da Bushira nika magana.

Ya Bushira, farin watana, ruwan randa da tsakar rana, albasar Aliero wadda ba ta ruɓa! Kin tuna ranar kasuwar Jega da kinka shigo gaban motata, na sa maki kaset ɗin nan nawa na Turawan Ingila? Wanda na iske maƙale cikin rediyo ran da anka kawo motar? Kinka saurara, kinka tambaye ni ko mai waƙar mura gare shi. Tun daga nan ban sake cin tuwo da natsuwa ba, sai dai in cinye kawai.

Malam Waliyyu mai koyar da Turanci ya hwaɗa mani 'yan birni ne masu kiɗan ƙauye, suna yi wa hukuma shaguɓe don ta rushe unguwarsu ta kai su inda ba su san kowa ba. Duk Kebbi ni kaɗai ke da kaset ɗin. Na ɗauka na ba ki, don zuciyata ba ta ciruwa.

Jiya na biyo ta Giwa Tazo, sai na hangi wani abu na walƙiya bisa dawar Baba Giɗaɗo, mahaifinki. Na taka birki. Zaren kaset ɗina ne, an warware shi tun daga kan gona har ƙarshe, ana korar tsuntsaye! Wayyo Bushira! Mutanen da anka tasa daga gidajensu, yanzu kuma an tasa su daga motata? Gaskiya dai suna aiki, ko tsuntsu guda ban gani ba.

Abu guda ya hana ni sukuni: ke kinka ba Baba kaset ɗin, ko ɗauka ya yi? In ke ce, to ni anka shanya a gonar nan, ba zare ba.

Ni dai naki ne har motata ta tsufa ta zama akurkin kaji. In kina so na, naɗo zaren ki aiko, ina da biro da zan maida shi. In ba ki so na, aiko da tiya biyu ta dawa, Turawana sun yi gadi.

Naki har abada,
Sa'idu