Na Laƙaba wa Ƙanwata Ciwon Gwiwata

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku 'yan uwa masu karatu. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san wasu za su zage ni, ni ma da wata ce ta rubuto wannan da na zage ta. Amma shawara nake nema, kuma ina bukatar ta kafin ranar Asabar.

A New York nake, unguwar Morrisania a Bronx. Iyayenmu mutanen Maraɗi ne, da ni aka zo ina ƙarama, ƙanwata kuwa a nan aka haife ta. Zan kira ta Zuwaira, ba shi ne sunanta ba. Babanmu ya daɗe yana sayar da jakunkuna da agoguna a Canal Street kafin Allah ya hore masa ɗan shago. Ni kuma ina aiki a gidan kula da tsofaffi.

Akwai wata ƙwallo ta mutanen Ostireliya da ba kowa ya san ta ba. Siffarta kamar gwanda, ana cafe ta da hannu, ana buga ta da ƙafa, ana kokawa a kanta, har mutum ya taka bayan wani ya yi sama ya kamo ta. Wata abokiyar aikina ce ta fara kai ni filin da mata suke buga ta a bakin kogi, kuma tun ranar farko na ji kamar don ni aka ƙirƙiro ta. Ina sa dogon wando a ƙarƙashin gajeren, ina ɗaure kaina tamau, duk da haka ranar da Baba ya ga rigar wasana da taɓo a jiki, gaban baƙinsa ya ce, "Ni ai ba 'ya Allah ya ba ni ba, ƙato ne aka ɗaura wa kallabi." Suka yi dariya har da masu tafawa. Haka na yi shekaru ina fita a sace kamar mai zuwa aikata alfasha, har na zama kyaftin ɗin ƙungiyar. Daga baya jijiyar gwiwata ta tsinke ana tsakiyar wasa, aka yi mini aiki. Baba ya zo asibiti, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "To, Allah ya yi mini maganin abin da na kasa." Sannun da na samu ke nan. Na warke na koma, amma gudu da tsalle sun tafi. Kyaftin ce ni har yau, sai dai bakina ya fi ƙafata aiki.

Ni da kaina na ja Zuwaira zuwa filin, don ta riƙa rako ni. Wallahi yarinyar nan kamar barewa. Abin da na yi shekaru ina koyo, a bazara ɗaya ta wuce ni. Aka ɗauki bidiyonta tana tashi sama a kan kafaɗar wata doguwar Baturiya, bidiyon ya zagaya har wayoyin abokan Baba na Canal Street. Kun san me ya faru? Mutumin da ya kira ni ƙato, shi ne ya je da ƙafarsa ya sayo mata takalmin ƙwallo. Shi ne yake tare masu shigowa shago yana nuna musu waya: "Ɗiyata ce, Turawa ke neman ta." Ni ɗiyar wa ce? Wa ya share mata hanyar? A kan wa aka yi ta zagin da ita ba ta taɓa ji ba?

A can Ostireliya wasan nan sana'a ce ga mata, ana biyan su, ana nuna su a talabijin. Duk ƙarshen shekara kulob-kulob suna zaɓen sababbin 'yan wasa bi da bi, kowane kulob da lambarsa a layi. Kafin ranar kuma sai su yi ta musaya kamar dillalan shanu, wannan ya ba da 'yar wasa ya karɓi lamba, wancan ya ba da lamba ya karɓi 'yar wasa. Zuwaira ta shigar da sunanta, tare da ƙawarta Barira, wata 'yar Zangon Kumasi da suke zaune a unguwar Soundview, ita ma a ƙungiyarmu take. Barira ba ta sa rai ba, ta ce rakiya ce kawai take yi. Zuwaira kuwa wata mata daga wani kulob ta yi ta magana da ita, har ta gaya mata sun ba da wata tsohuwar 'yar wasansu sun karɓi ƙarin lamba ɗaya can ƙarshen layi, kuma da ita a ransu suka yi hakan.

Wata yamma na tashi daga aiki ina tsaye ina jiran jirgin ƙasa, sai ga kiran matar nan. Ta ce Zuwaira ce ta ba ta lambata, tunda ni ce kyaftin kuma yayarta, babu wanda ya fi ni sanin ta. Ta tambayi halinta, na ce mai ladabi ce. Ta tambayi zuwanta tirenin, na ce ba ta fashi. Sai ta ce, "Jikinta fa? Ba mu da lokacin kawo ta nan likitanmu ya duba ta, lamba ɗaya ce kuma ba ma so mu yi asarar ta. Akwai wani tsohon ciwo?" 'Yan uwa, gaskiyar ita ce Zuwaira ko targaɗen kirki ba ta taɓa yi ba. Amma na ji bakina yana cewa, "Don Allah kada ki ce ni na faɗa miki." Na ce gwiwarta ta hagu tana kuɓuce mata idan ta juya da sauri. Na ce tana kumbura bayan kowane wasa, tana sa ƙanƙara a ɓoye, tana haɗiyar maganin ciwo kafin ta shiga fili, kuma da safe sai ta riƙe bango take sauka daga bene. Ban yi inda-inda ba ko sau ɗaya, domin ciwona na kwashe kaf na ɗora mata. Matar ta ce, "Na san da wuya ki faɗi wannan a kan ƙanwarki. Na gode da gaskiyarki." Jirgi ya zo, na shiga na zauna, har na tsaya a hanya na saya wa Zuwaira lemon da take so.

Saboda bambancin lokaci, muna barci ake yin zaɓen a can. Sai Baba ya ce kowa ya haƙura da waya, da safe a kunna a kalla tare kamar yanzu ake yi. Bai buɗe shago ba ranar. Ya gayyato abokansa, Mama ta soya fanke ta dama kunun gyaɗa, aka tara wayoyin kowa a cikin kwanon sha aka rufe da faifai. Ni kuwa tun kafin in miƙa tawa na shiga bayi na duba. Na riga na sani. Na fito na taya Mama zuba kunu, na gyara wa Zuwaira ɗaurin kallabinta, na zauna kusa da ita na riƙe hannunta. Ana kiran sunaye tana matse mini yatsu, tana cewa da Turanci, "Yaya, zuciyata za ta fito." Na ce, "Ki yi ta salati, rabonki ba ya wuce ki." Da aka zo lambar kulob ɗin, wani mai farin gashi ya tsaya ya kira sunan wata yarinya 'yar ƙasar Ailan. Wani abokin Baba ya yi gyaran murya ya ajiye fanken da ke hannunsa. Baba ya kashe talabijin ya ce, "Bon, shi ke nan. A ba mutane wayoyinsu."

Ga abin da na fi jin kunyar rubutawa. Lokacin da hannun Zuwaira ya saki nawa, wani sanyi na ji ya ratsa ƙirjina kamar na sha ruwan randa da azahar. Daɗi na ji. Ta kifa kai a cinyata tana kuka ina shafa bayanta, idona yana kan fuskar Baba, ina kallon yadda ya kasa haɗa ido da abokansa, ina cewa a raina, ɗanɗana ka ji. Wace irin 'yar uwa ce ni? Kuma ko wannan ban ci riba ba, domin da baƙi suka watse ni ya juyo ya nuna da yatsa: "Ke kika koya mata wannan shirmen, ke kika jawo mini abin kunya." Ita kuma ya ce mata ta yi haƙuri, Turawa ba su san daraja ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da wataƙila ban rubuto muku ba. Bayan 'yan makonni wata 'yar wasan kulob ɗin ta samu juna biyu, gurbi ya buɗe, matar nan ta kira Zuwaira kai tsaye. Ta ce in za ta je a ɗauki hoton gwiwar a asibiti a turo musu, za su sake duba maganarta. Zuwaira ta ce, "Wace gwiwa?" Matar ta ce wata daga cikin ƙungiyarku ce ta shaida mana, amma na yi alkawarin ba zan faɗi suna ba. Zuwaira ta shigo ɗakinmu ta ce, "Yaya, wani ya yi mini ƙarya. Wa zai yi mini haka?" Ga ƙofa a buɗe, da na faɗi a ƙasa na roƙe ta. Sai na ce, "Ki yi tunani mana. Wa ya shigar da suna tare da ke?"

A wani gidan suna a Soundview Zuwaira ta tare Barira, tsakiyar mata, ana rabon shinkafa. Ta kira ta munafuka, ta kira ta maciji, ta ce ta ci amanar gishirin gidanmu. Barira ta saki faranti ta dafe ƙirji: "Ei, Zuwaira! Ni? Ni da na raka ki sayen akwati?" Sai ta juyo gare ni da hawaye ta ce, "Yaya, ke kin san ni, ki faɗa mata." Mata duk suka zuba mini ido. Na gyara mayafina na ce, "Barira, hassada mugun ciwo ce, Allah ya yaye miki." Da bakin nan nawa na faɗa. Ban tsaya nan ba, da aka zo fitar da 'yan wasan da za su je gasa, na cire sunanta na ce don zaman lafiyar ƙungiya. Sauran 'yan matan suka daina gaishe ta. Mahaifiyarta tana dafa abincin sayarwa, matan gininmu suka daina aikawa a sayo. Baba ya daina amsa sallamar mahaifinta a masallaci. Na taɓa hango Barira a tashar bas ta rame, ta ɗaga mini hannu, na mayar da kaina gefe kamar ban gan ta ba.

Hoton gwiwar Zuwaira ya fito lafiya ƙalau, an tura, kulob ɗin sun ce za su ba da amsa. Amma mahaifin Barira ya ce ba zai bar sunan 'yarsa a cikin taɓo ba. Barira ta nemo matar da kanta ta gaya mata duk abin da ya same ta. Matar ta ce ita ba ta taɓa magana da Barira ba, mutum ɗaya tak ta kira, kuma tunda abin da aka gaya mata ƙarya ne, alkawarinta ya warware. Ta yarda za ta yi magana ta bidiyo ranar Asabar da yamma, a falonmu, gaban iyayen duka biyu. Zuwaira har yanzu ta ɗauka Barira ce ke neman hanyar zillewa. Jiya tana taje mini gashi ta ce, "Yaya, ke za ki fassara wa Baba da Mama abin da matar za ta faɗa. Ni in na yi fushi Hausata guduwa take yi. Kuma ki zauna kusa da ni, ke kaɗai na yarda da ke."

Na yi tunanin in ce an sa ni aiki ranar, amma ko ba na nan za a faɗi sunana. Na yi tunanin in kira matar in roƙe ta, amma me zan ce mata bayan ta ga hoton? Na yi tunanin in ja Zuwaira gefe in gaya mata kafin lokacin, sai in tuna fuskarta a gidan sunan nan, in tuna abin da Baba zai kira ni wannan karon, kuma ya yi gaskiya. Barira fa, da wane ido zan kalli mahaifiyarta? Abin da ya fi tsorata ni shi ne, duk sanda wayar Zuwaira ta yi ƙara ta zabura ko kulob ɗin ne, har yanzu akwai wani lungu a zuciyata da ke fatan su ce a'a. Na yi istigfari, na yi sadaka, lungun nan bai rufe ba.

Don Allah ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci. In faɗa da bakina kafin Asabar, kuma wa zan fara durƙusa wa, ƙanwata ko Barira? Ko in zauna a falon nan in fassara wa mahaifina sunana da kaina? 'Yan uwa, me zan yi?