Hannun Malamina Ya Daina Tsayawa

Zuwa ga Goggo Chizuru,

Don Allah Goggo ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana. Garinmu ƙarami ne, duk wanda na buɗe wa baki ya san mutumin da nake nufi, wasu ma shi ya koya wa iyayensu riƙon takobi. Ko sunan da zan kira shi da shi a nan, Malam Kuroiwa, ba nasa ba ne, aro na yi.

Ni mace ce, na haura hamsin, ina da ɗan shagon awara da na gada wurin mahaifina a wani gari na bakin teku a Yamagata. Ban kai talatin ba aurena ya mutu, na dawo gida ba ci ba magana. Wata maƙwabciyarmu ce ta ja ni zauren Malam, inda ake koyon takobi irin na mutanen da, wai ko na ɗan motsa jini. Ita ba ta daɗe ba ta gudu. Ni ga ni har yau, ni ce ma babba a cikin ɗalibai.

Ki yi haƙuri in na yi miki dogon bayani, sai kin san yadda muke kafin ki gane damuwata. A zaurenmu ba a tambaya. Malam zai yi abu sau ɗaya, ka zuba ido, ka kwaikwaya. In ka yi kuskure ya ce "kuma", in ka yi daidai ma ya ce "kuma". Shekarata ta farko ba abin da na yi sai goge daben katako da tsumma da kai sara guda ɗaya, daga sama zuwa ƙasa. Ban taɓa jin ya yabe ni ba. Amma ranar da mahaifina ya rasu, shi ya fara zuwa, ya zauna kusa da gawar har mutane suka watse. Irin mutumin ke nan.

Bibbiyu muke yin horo, da takubban itace, ba kwalkwali ba sulke. Kowa ya san takunsa. Mai kai sara yakan saki ƙarfinsa duka, sannan ya tsayar da takobin gab da goshin abokinsa. In Malam ya kawo maka sara sai ka ji iskar ta ɗaga maka gashi, amma itacen bai taɓa ka ba. Abin da muke koyo ke nan tun farko har ƙarshe, ka tsaya a ƙarƙashin takobin mutum ba ka ƙifta ido ba, don ka yarda da hannunsa.

Yanzu Malam ya wuce tamanin. Tun kakar bara na fara ganin abubuwa. Wata rana ya fara wani salo, a tsakiya ya faɗa cikin wani daban, kamar mai tafiya ya ɓata hanya a unguwarsu. Ɗalibai suka waiwayo suna kallona. Na sunkuyar da kai na bi abin da ya yi, su ma suka bi. Bayan nan ya kira ni da sunan wata ɗaliba da ta daɗe da rasuwa. Na amsa.

Sai a horon tsakiyar sanyi, da ake buɗe tagogi dusar ƙanƙara na shigowa, abin ya faru. Abokin horonsa ran nan Nagase ne, wani masunci ƙato mai barkwanci, wanda kullum yake tsokanata wai warin waken suya ne yake kori abokan gaba ba takobina ba. Malam ya kawo sara, hannun bai tsaya ba. Na ji ƙarar ƙashi daga inda nake zaune. Nagase ya durƙusa, ya miƙe, ya rusuna ya ce, "Na gode da darasi, Malam." Malam ya ce, "Ka yi jinkiri." Muka ci gaba da horo, Goggo. Muka ci gaba har lokaci ya cika, muka yi layi muka rusuna wa hotunan malaman da suka gabata, muka goge dabe, Nagase yana gogewa da hannu ɗaya fuskarsa ta yi fari fat. A asibiti ya ce musu a cikin jirgi ya zame. Ƙashin kafaɗarsa ya karye. Da takobin ya goce kaɗan da a ka ya same shi.

Bana ba zai ja komar kifi ba. Matarsa ta zo shagona, ta jira masu sayayya suka fita, ta ce, "Ke ce babbarsu ko? To ki faɗa mini, sai tsohon nan ya fasa kan wani za ku buɗe baki? Ku dai ku yi ta rusunawa, wuyanku zai gaya muku." Na naɗe mata awara, ta bar ta a kan teburin shago ta fita.

Na je wurin matar Malam, Inna Setsuko. Ta zuba mini shayi, muka yi maganar sanyi, muka yi maganar tsadar kifi, har na ga zan tashi ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Ita ce ta riga ni. Ta ce, "'Yar nan, na san abin da ke bakinki. A gida bai san inda takalminsa yake ba. Jiya tambayata ya yi yaushe mahaifiyarsa za ta dawo daga kasuwa. Amma da ya ɗaura ɗamarar horo sai in ga mijina ya dawo. In kika raba shi da zauren nan, ki taya ni shirin jana'iza kawai." Tana magana tana murmushi.

Tun daga nan na hana kowa tsayawa a gabansa sai ni. Ban faɗa ba, ina dai riga kowa miƙewa. Kuma ina ja baya kaɗan fiye da yadda aka koya mini, ɗan taƙi, ina zaton ba wanda zai lura. Rannan bayan an tashi ina ninke tsumma ya tsaya a kaina ya ce, "Kin fara tsayawa nesa da ni." Idonsa tar, kamar na da. Na kifa goshina a dabe na ba shi haƙuri. Ya juya ya tafi. Da na koma gida na yi kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar mahaifina.

Akwai kuma abin da nake jin kunyar rubutawa. Makarantarmu tana da salo na ƙarshe da ba a nuna wa kowa sai mutum ɗaya, wanda zai gaji zauren. Ba a rubuce yake ba, a jikin Malam kaɗai yake. Ya taɓa ce mini in ƙanƙara ta narke zai nuna mini. Rabin rayuwata na yi ina jiran wannan magana. In na ce masa ya ajiye takobi, zai iya korata, ya cire allon sunana daga bango, kuma wanda aka kora a wurinmu ko gaisuwa ba a yi da shi. Salon ya tafi kabari tare da shi. To shin shirun da nake yi ladabi ne, ko kwaɗayi? Wani lokaci kuma in ce, ko ya nuna mini, ta ina zan san daidai ya nuna, ba gutsattsarin salo uku ya haɗa ba?

Abin da ya sa na kasa ƙara jira shi ne bikin bazara ya matso. Kowace shekara mukan yi nuni a farfajiyar wurin bauta na garinmu, gari duka yana kallo, kuma a ranar da takobin ƙarfe mai kaifi ake yi. Malam ya sanar a gaban kowa cewa bana shi zai fito, ni ce abokiyarsa. Ɗalibai suka rusuna. Ni ma na rusuna.

Goggo, ba mutuwa ce ta fi ba ni tsoro ba. Ina tsoron in ce a'a in kashe shi da baki, ina tsoron in ce to in bar shi ya zama abin nuni a garin da ya girmama shi. Ba na barci, awarata ma ta fara tsami masu saye suna ƙorafi. Me zan yi?

Taki,
Ɗaliba mai nauyin baki, daga Yamagata

*

Ɗaliba mai nauyin baki,

Sannu da wannan kaya. Na karanta wasiƙarki na ajiye, na sake ɗauka. Bari in fara da abin da ba ya buƙatar dogon tunani: kada ki tsaya a gaban takobin ƙarfe a bikin nan, kada kuma ki bari wani ya tsaya. Wannan ba ya cikin abin da za a auna. Sauran maganar ce mai wuya.

Ban raina tarbiyyar zaurenku ba. Shirun nan da kuke yi, da bin malami ba gardama, su suka ɗaga ki lokacin da kika faɗi, kuma akwai abin da jiki ke koya wanda tambaya ke ɓatawa. Inna Setsuko ma gaskiya ta faɗa, zauren ne ya rage wa mijinta. Amma matar Nagase ita ma gaskiya ta faɗa, kuma tata gaskiyar ce ke da ƙashi a karye. Kun yi alkawarin ba za ku tambaya ba saboda malami ya yi alkawarin hannunsa zai tsaya. Yanzu ba zai iya cika nasa ba. Ba laifinsa ba ne, ciwo ne. Sai dai alkawarin ya canza, ko kun faɗa ko ba ku faɗa ba.

Ki fara da likita. Abin da kika kwatanta ya yi kama da gigin tsufa, amma ni ba likita ba ce, ke ma haka. Ki koma wurin Inna Setsuko, ba don ki nemi izininta ba, don ki ce mata za ki raka su asibiti. In suna da 'ya'ya a wani gari, lokaci ya yi da za su sani. Matar nan ita kaɗai take ɗauke da shi a gida, murmushin da kika gani gajiya ce.

Sannan ki je gidan Nagase, ke da manyan ɗalibai. Ku faɗi a gaban matarsa cewa ba a jirgi ya zame ba, kuma kun yi kuskure da kuka ci gaba da horo yana tsaye da karaya. Ku duba abin da za ku iya yi wa gidan har ya warke. Ɗaliban da ke kallonki suna koyon abu biyu a wurinki, takobi da abin da ake yi in an ji wa mutum ciwo.

Shi kuwa Malam, kada ki tare shi a zaure, kada a gaban kowa. Ki sa kayanki na girma ki same shi a gida da safe, lokacin da hankalinsa ya fi zama. Ba sai kin ce ya ajiye takobi ba. Ki roƙe shi ya hau mazaunin girma na zaure ya zuba muku ido, ya gyara ku, ke da wani ɗalibi ku yi nunin bana a ƙarƙashin kallonsa. Mutumin da ya lura kin ja baya da ɗan taƙi idonsa bai mutu ba. Kuma ina zaton ranar da ya faɗa miki haka ba faɗa yake yi ba. Ya san wani abu yana faruwa da shi, yana jiran wanda zai iya kallonsa ya faɗa. In ya tambaye ki dalili, kada ki yi masa ƙarya. Ki ce masa kina tsoro.

Game da salon ƙarshe, ki daina zagin kanki. Wanda ya yi rabin rayuwarsa yana neman abu dole ya so shi. Ki roƙe shi kai tsaye a wannan zaman, ya nuna miki a hankali da hannu ba makami. Wataƙila ya nuna daidai, wataƙila a cakuɗe, wataƙila ya riga ya tafi. Zai yi ciwo, amma makarantarku ba salo ɗaya ba ce. Tana cikin ƙafafunki da na duk wanda kika koya wa.

Ba zan ɓoye miki ba, zai iya fushi. Zai iya cire allon sunanki, gobe kuma ya manta ya tambayi ina kika shiga. In haka ta faru, ki ci gaba da zuwa gidan, ki kai musu abinci, ki share musu ƙanƙarar ƙofa, ko zai amsa gaisuwarki ko ba zai amsa ba. Malaminki yana tafiya, 'yata, duk abin da kika zaɓa ba zai hana ba. Abin da ke hannunki shi ne ya tafi ba da jinin ɗalibarsa a takobinsa ba.

Ina yi miki fatan ƙarfin zuciya, Nagase ya samu sauƙi, Malam da Inna Setsuko kuma su ga sauran kwanakinsu cikin mutunci.

Goggo Chizuru